Talabijin ko Waya: Wanne Za a Bar wa Ɗan Yaye?

Idan har sai ɗan yaye ya yi kallo, gara talabijin ɗin falo da a miƙa masa waya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Da talabijin, kiyaye wannan awar ya fi sauƙi. Tana kafe a bango, nesa da idonsa, kowa na ganin abin da yake kallo, rimot kuma na hannun uwa. Aibinta ɗaya: muddin akwai wuta ana barinta a kunne, sai hira da yaro ta ragu.

Waya kuwa bin sa take har wajen cin tuwo, har shimfiɗa. Za ka gan shi ya kafa ta a hanci, ɗan yatsa na jan allo, bidiyo na ƙarewa YouTube na sako wani. Karɓe ta sai da kuka da birgima. Inda ta yi rana shi ne kiran bidiyo da kakanni, domin nan ana yi masa magana yana mayarwa.