Sharhi kan kwas ɗin tarihin Amurka da na kammala ta intanet

Makonni shida na yi ina bin wani kwas na intanet kan tarihin Amurka kafin yaƙin basasar 1861, wanda ya haɗa burin jihohin Kudu na faɗaɗa bauta da fafutukar mata a manhaja guda. Da farko na ɗauka haɗin gambiza ne, sai da malamar ta tsayar da mu a kan shekarar 1848. A watan Fabrairu Amurka ta karɓe Kalifoniya da wasu yankunan Meziko, masu gonakin auduga suna hangen sababbin jihohin bayi da za su ƙara musu kujeru a majalisar dattawa, a watan Yuli kuma mutum kusan 300 suka taru a garin Seneca Falls na jihar New York suna nema wa mace haƙƙin mallakar dukiya da ilimi da ƙuri'a.

Darussan Kudu sun fi ƙayatar da ni, domin taswirorin sun nuna cewa kwaɗayin bai tsaya a kan iyakar ƙasar ba. Shugaba Polk ya taya tsibirin Kyuba dala miliyan 100 a hannun Sifaniya, takardar Ostend da jakadun Amurka suka rubuta a 1854 ta ba da shawarar ƙwace shi idan an ƙi sayarwa, wani Ba'amurke mai suna William Walker kuma ya ɗare mulkin Nikaraguwa a 1856 ya halatta bauta. An kuma bayyana yadda hana Lucretia Mott, Ba'amurkiya mai adawa da bauta, da sauran wakilai mata kujera a taron yaƙi da bauta na Landan a 1840 ya sa mata suka fara kallon nasu ƙangin.

Inda kwas ɗin ya gaza, kuma abin ya sosa mini rai, shi ne batun kuyangi. Tun 1662 dokar Bajiniya ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, kuma bayan an haramta shigo da bayi daga ƙetare a 1808, haihuwar waɗannan mata ce ta riƙa cika sababbin gonaki, ana raba uwa da ɗanta a kasuwa. A nan ne batutuwan biyu suka haɗu da gaske, amma 'yan mintoci kawai aka ba Sojourner Truth, tsohuwar baiwa da ta yi fafutukar 'yancin bayi da haƙƙin mata, aka wuce. Na rubuta wa masu kwas ɗin ina roƙon su ware wa kuyangi darasi cikakke, kuma har yau ina jiran amsarsu.