Masu saita famfon tarakta a Zariya: inda aikinsu ke biya da inda kuɗi ke tafiya a banza

Da hunturu ya kankama a Zariya, wajen Disamba zuwa Janairu, sai tarakta ta fara gardamar asuba. A murɗa makulli ta yi ta gurnani, ta tofar da farin hayaki mai sa hawaye, in ta kama kuma ta riƙa ɗingishi har sai inji ya ɗau zafi. Maganar direba ɗaya ce: "Alhaji, famfo ne." Sai a kwance shi, a ɗaure a bayan mashin, a nufi masu saitawa. Aikinsu za mu auna, musamman a kan famfon da ke tura gas cikin silinda, samfurin CAV DPA, da ke jikin injin Perkins na tsofaffin Massey Ferguson, irin waɗanda ke huɗa a gonakin Shika, Giwa da Soba.

A kan benci aikin ba shi da laifi. Shagon da ya san hannunsa zai wanke famfon, ya canza sil da gaskit, ya ɗora shi a injin gwaji, man kowace silinda yana zuba a kwalbarsa mai awo. Ka tsaya ka gani da idonka: kwalaben huɗu su cika kai ɗaya. Ka nemi a gwada shi a gudu na ƙasa-ƙasa, irin na lokacin da sitata ke juya inji, don nan ne famfon da ya ci ke tona kansa. Kada ka bar nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, a gida. Nozul mai lafiya feshi yake kamar hazo, da ɗan ƙara "ƙirr", ya yanke tsaf. Wanda ke ɗiga ko yake tsartuwa ya gama aiki. A yawancin injin Perkins samfurin 4.236, mai silinda huɗu, yana buɗewa ne in matsin gas ya kai wajen ba 175 (ba ma'aunin matsi ne). Hannu kuma nesa da feshin, yana huda fata.

Raunin wannan hidima shi ne famfo ake kai musu, ba tarakta ba, kuma ba kowa ke tambayar yadda ciwon yake ba. Famfon da ya ci ya fi ƙin tashi in inji ya yi zafi, saboda gas ya tsinke yana zurarewa ta ciki. In da rana murɗa ɗaya take kamawa, asuba ce kawai matsala, to a fara duba masu arha. Batir cikakke yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba ana juyawa. Hitar da ke maƙale a bututun shaƙar iska tana son daƙiƙa 15 zuwa 20. Taɓa bututun, in ba ɗumi ta mutu, ko wayarta, ko siririn bututun da ke kai mata gas ya toshe. Sai iska a cikin mai: washa ɗaya da ta saki ta isa ta sa gas ya koma tanki cikin dare. A canza filtar gas mai lamba 296, a sassauta noti biyun fitar da iska, na jikin famfo sannan na saman murfi, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu mai jawo gas daga tanki har kumfa ta ƙare. In hannun ya yi sakwaf, juya inji zagaye ɗaya. Ratar bawul kuma milimita 0.30 ce, inji a sanyaye. Sanyin Zariya bai kai ya daskarar da gas ba, kada a ɗora masa laifin.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen mayar da famfo. Benci yana saita yawan mai, taimin kuwa, wato lokacin da man zai shiga silinda, a jikin tarakta ake kama shi. Noti uku ke riƙe da famfon, ramukansu dogaye ne don a iya murɗa shi kaɗan. Akwai zane a kunnen famfo, akwai wani a jikin inji, su biyun za su haɗu baki da baki. Famfo rabin gudun inji yake yi, don haka digiri ɗaya a famfo biyu ne a inji, kuma milimita ɗaya a wurin zanen nan kusan digiri ɗayan ke nan. Kaurin farce ya isa ya ɓata lissafi.

In man ya makara, farin hayaki ne da ɗingishi da rashin ƙarfi, ruwa kuma ya riƙa zafi a gona. In ya yi sammako, inji na buga guduma, wani lokaci har ya tokare sitata. A farantin famfo akwai kibiya mai nuna inda cikinsa ke juyawa: murɗa gangar jikin kishiyar kibiyar yana sa mai ya zo da wuri, bin ta yana jinkirta shi. A sassauta bututun ƙarfen nozul kafin a murɗa, in ba haka ba za su tsaya a tanƙware su tsage daga baya.

Famfon da aka sayo na hannu daga wani inji, zanensa ba abin dogaro ba ne. Nan sai an kawo fistin na ɗaya daidai digirin da littafin injin ya faɗa kafin ya kai ƙolin silinda, a bugun matsa iska, a buɗe ƙaramin murfin gefen famfo, a ga harafin ciki ya daidaita da bakin zoben ƙarfen da ke ciki. A 4.236 harafin C ne, a mai silinda uku 3.152 kuma E. Digirin ya danganta da lambar da ke farantin famfo, kada a ari na wata tarakta. Kuma ba a buɗe murfin nan a filin Allah ƙurar hunturu na tashi.

Abin da ba zan yaba ba shi ne saitin kunne: a murɗa famfo gaba har ta tashi da sanyi, a ce an gama. Sau da yawa ringin fistin ne ya ci, numfashin inji na fita ta buritha, wato bututun fitar da tururin cikin inji, aka rufe ciwon da taimin. Tsumman fetur a bakin iyakilina, wato matatar iska, ma haka, in ya haɗu da hita mai zafi gobara ce. Gas da aka sirka da kananzir kuwa yana cinye DPA, don gas ɗin ne man shafawarsa, ba shi da wani.

In ka zo karɓa, ka nemi tsofaffin kayan da aka cire, ka tabbata an toshe duk bakunan famfon kafin ya hau mashin. Ka yi ciniki tun farko cewa mai saitawa zai biyo ka ya ɗaura da hannunsa, ko ya turo babban yaronsa. Cikon kuɗi kuma sai washegari bayan sallar asuba, tarakta ta kwana a waje ba a taɓa ta ba, a riƙe hita, a murɗa makulli.