FamilySearch da Neman Kawu a Princeton da Ba Princeton Ba

Abin da ya rage a hannun mahaifiyata na ƙaninta, wanda ya tafi karatu Amurka tun tana amarya bai sake dawowa ba, ambulan ne guda ɗaya da ya yi ja don tsufa, a bayansa an rubuta lambar gida da sunan titi, sai kuma Princeton, New Jersey, 08540. Da wannan ambulan na shiga shafin FamilySearch na binciken asalin zuri'a, kuma bayan watannin da na kwashe ina aiki da shi, ra'ayina shi ne cewa rumbu ne da babu kamarsa a cikin na kyauta, sai dai yana buɗewa ne kawai ga wanda ya san ainihin sunan hukumar da gidan ɗan'uwansa yake ƙarƙashinta. Sunan da ke bayan ambulan sau da yawa ba shi ne wannan sunan ba.

Shafin mallakar cocin nan ne da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah. Tushensa wata ƙungiyar binciken asali ce da aka kafa a 1894, ya kuma hau intanet a 1999. Ba a biyan kuɗi, ba a tambayar mutum addininsa, rajista kawai ake yi da adireshin imel.

Daren farko ma na samu abin da na zo nema, ko da yake ba irin labarin da muke fata ba ne. A cikin jerin mamata na hukumar fansho da tallafin jama'a ta Amurka, wanda FamilySearch ya ɗora kyauta, sunan kawu ya fito da ranar haihuwar da ta dace da wadda muka sani, da watan da ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A gurbin mazauninsa na ƙarshe an sa Princeton, gundumar Mercer, tare da lambar nan ta 08540. Ambulan ya ce Princeton, kundi ya ce Princeton, don haka ban ga abin tantama ba. Na rubuta wa ofisoshin gundumar Mercer da ke Trenton ina neman takardar mallakar gida ko fayil ɗin rabon gado, domin a nan ne ake sa ran ganin sunan mata ko 'ya'ya. Amsa ta zo cikin ladabi cewa babu mai wannan suna a littattafansu. Gaskiya suka faɗa. Ni ne na ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa shaidun nan biyu da na dogara da su ashe shaida ɗaya ce. Mazaunin da ke cikin jerin mamata daga lambar gidan waya aka ciro shi, lambar kuma, wadda ake kira ZIP, an ɓullo da ita ne a 1963 don sauƙaƙa rarraba wasiƙu. Hanyoyin masu kai wasiƙa take bi, ba ruwanta da inda iyakar gari ko ta gunduma ta tsaya. Sunan garin da ake rubutawa kusa da ita sunan gidan wayar da ke kai wa unguwar wasiƙa ne. Lambar 08540 ta zarce garin Princeton nesa ba kusa ba: ta shiga West Windsor a cikin gundumar Mercer, ta tsallaka Plainsboro a gundumar Middlesex, ta kuma leƙa Montgomery a gundumar Somerset. Gidaje masu adireshin gari ɗaya, amma takardunsu na warwatse a hedikwatoci uku, Trenton da New Brunswick da Somerville. Lamarin bai tsaya ga New Jersey ba. Manyan otal ɗin da duniya ke kira na Las Vegas galibinsu a wajen iyakar birnin suke, a wani yanki mai suna Paradise, haka nan unguwar Marble Hill a New York adireshin Bronx take ɗauke da shi alhali a hukumance ɓangaren Manhattan ce.

FamilySearch ba ya warware wannan ƙulli, kuma ba don shi aka gina shi ba. Idan aka rubuta Princeton a gurbin wuri, zai miƙo Princeton ta gundumar Mercer, domin sunan gari aka ba shi, ba lambar gida da titi ba. Wanda ya fitar da ni shi ne wani shafi na hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka, shi ma kyauta, inda ake zuba cikakken adireshi ya nuna gunduma da ƙaramar hukumar da gidan yake ciki. Cikin minti ɗaya ya nuna mini Plainsboro, gundumar Middlesex. Da na fara da wannan mataki, da na huta da jiran makonni.

Daga nan ne na fara ganin darajar FamilySearch ta gaskiya, wadda ba a akwatin neman suna take ba. Tana cikin kundin jerin takardunsa, wanda aka tsara bisa tsanin mulki: ƙasa, jiha, gunduma, gari. Wannan tsari yana tilasta wa mai bincike ya yi tunani irin na magatakarda, ya daina tambayar inda mutum yake karɓar wasiƙa, ya koma tambayar wane ofishi doka ta ɗora wa ajiye wace takarda. Akwai kuma shafukan jagora da ke bayanin kowace gunduma, shekarar da aka kafa ta, daga wace aka yanke ta, da abin da kowane ofishi yake riƙe da shi. A nan na fahimci cewa a New Jersey, mai gundumomi 21 da ƙananan hukumomi sama da 560, takardun filaye da gidaje suna wurin magatakardan gunduma, wasiyya da rabon gado suna ofishin da suke kira Surrogate a gundumar da mamaci yake zaune, shaidar haihuwa da ta mutuwa kuwa ana yin rajistarsu ne a ƙaramar hukumar da abin ya faru, tare da kwafi a ofishin jiha da ke Trenton. Wannan na ƙarshe yana da nasa tarkon. Babban asibitin Princeton ya tashi daga cikin gari ya koma Plainsboro a 2012, saboda haka wanda aka ce ya rasu a asibitin Princeton bayan wannan shekara, a Plainsboro za a nemi rajistarsa.

Iyakokin su ma ba a zaune suke wuri ɗaya ba. Kafin 1 ga Janairun 2013 Princeton ƙananan hukumomi biyu ce, ɗaya ta kewaye ɗaya, sai a ranar suka haɗe. Gundumar Mercer kanta a 1838 aka ƙirƙiro ta, kafin nan titin Nassau da ya ratsa tsakiyar gari shi ne iyakar Somerset da Middlesex. Wannan bai shafi kawu ba, amma mai bin sawun tsofaffin zuri'a dole ya riƙa haɗa wuri da shekara.

Inda shafin ke da iyaka shi ne takardun zamanin nan. Ƙarfinsa a tsofaffin littattafai yake. Dokar Amurka ba ta barin a buɗe sunayen ƙidayar jama'a sai bayan shekara 72, don haka ta 1950, wadda aka saki a Afrilun 2022, ita ce ta baya-bayan nan, ba ta da amfani ga wanda ya isa ƙasar bayanta. Bayanan rayayyu da mutane suka sa a bishiyar zuri'a a ɓoye suke, wanda daidai ne, ko da yake mai neman 'ya'yan mamaci zai so a ce ba haka ba. Wasu hotunan takardu kuma ba sa buɗuwa daga gida sai an je ɗaya daga cikin cibiyoyinsu ko ɗakin karatun da ke da alaƙa da su, saboda yarjejeniyar da suka yi da masu takardun. Wanda ɗan'uwansa ya ɓace masa cikin shekaru arba'in ɗin nan, kada ya sa ran shafin zai kai shi har bakin ƙofa; zai nuna masa ofishin da zai tunkara ne, sauran aikin wasiƙa ce da haƙuri.

Ni dai na sake rubuta buƙatata, wannan karon zuwa New Brunswick. Fayil ɗin rabon gadon yana nan, a ciki kuma akwai sunan 'yar da kawu ya bari, wadda ba mu taɓa sanin da ita ba, kuma takardun gidan sun nuna bai fita daga hannunta ba. Mahaifiyata ta yi ta faɗa ina rubutawa har shafi uku. Da na zo rubuta adireshi a bayan ambulan sai na tsaya ina tunanin ko Plainsboro zan sa, kafin na tuna cewa wannan karon da ma'aikacin gidan waya nake magana. Na rubuta Princeton, 08540, kamar yadda kawu ya rubuta da hannunsa.