Akwatin Pelican 1170 ga mai tsallaka jihohin Amurka da ƙaramar bindiga

A Amurka lasisin ƙaramar bindiga ba kamar lasisin tuƙi ba ne. Na tuƙi yana bin mutum duk jihar da ya shiga, na bindiga kuwa yana iya mutuwa da zarar an tsallake iyaka. Shi ya sa masu yawan tafiya da bindiga ba sa rabuwa da akwati mai kulle, kuma Pelican 1170 na cikin waɗanda aka fi gani a hannunsu. Akwati ne mai kyau, sai dai jama'a na ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Jikinsa roba ce mai tauri. Cikinsa inci 10.54 a tsawo, 6.04 a faɗi, 3.16 a zurfi. Akwai zoben roba a bakin marfin da ke hana ruwa da ƙura shiga, da ɗan bawul mai daidaita iska, don kada marfin ya ƙi buɗuwa bayan an sauka daga jirgi. Soson ciki an tsattsaga shi ƙananan murabba'ai, mutum ya ciccire da yatsa daidai siffar bindigarsa. Ƙaramar bindiga samfurin Glock 19, mai tsawon inci 7 da ɗoriya da tsayin inci 5, tana kwanciya lafiya, har a samu wurin gidan harsashi ɗaya ko biyu. In an ɗora wa bindigar madubin saiti a sama ko tocila a ƙasa, wurin ya matse, gara a nemi akwatin da ya fi wannan. Wajen cire soson a bar aƙalla layi biyu tsakanin bindiga da bango, domin layi ɗaya yagewa yake yi. Kuma soson na riƙe danshi, don haka akwatin na tafiya ne. Wanda ya ajiye bindiga a ciki wata da watanni zai tarar da tsatsa.

Ba ya zuwa da kwaɗo, ramukan kwaɗo biyu kawai gare shi, kuma a nan mutane suke yin sakaci. Su sa kwaɗo ɗaya, ko su sayo mai dogon wuya. Da dogon wuya, in an ɓalle maƙallan, marfin na ɗagawa har yatsa ya shiga. Hukumar TSA mai binciken filayen jirgi ba ta karɓar akwatin da za a iya buɗawa cikin sauƙi. Kwaɗo biyu masu gajeren wuya, ɗaya a kowane rami, a ɓalle maƙallan a gida a ja marfin da ƙarfi a gani.

Darajar akwatin tana cikin dokar tarayya ta 1986, sashe na 926A. Dokar ta ba mutum damar wucewa da bindiga ta cikin kowace jiha, bisa sharaɗin cewa doka ta halatta masa riƙe ta a inda ya taso da kuma inda zai sauka. Bindigar ta kasance babu harsashi a cikinta, kuma ita da harsasan duka su kasance inda hannu ba zai kai ba daga wurin zaman fasinja. Mai mota da but a rufe ya sa a but. Mai jif ko a-kori-kura, da ba shi da but daban, dole ya sa a akwati mai kulle, kuma dokar ta fito fili ta cire durowar gaban mota da ɗan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Kalifoniya ma abin da take nema ke nan: babu harsashi, a kulle a but ko a akwati. Haka dokar tarayya ta kewayen makarantu, wadda ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta. Lasisin da ke kuɓutar da mutum a nan sai wanda jihar da makarantar take ta bayar, don haka baƙo ba shi da mafita sai bindiga marar harsashi a akwati kulle. A cikin gari da wuya a yi tafiyar minti goma ba a gifta makaranta ba.

Amma 926A ta mai wucewa ce. Shan mai da shiga banɗaki ba su cika zama matsala ba, kwana kuwa magana ce daban. A 2005 wani mutumin Utah da ke kan hanyar Pennsylvania ya rasa jirgin da zai ci gaba da shi a Newark ta New Jersey, ya karɓi jakarsa ya kwana a otal. Washegari ya bayyana bindigar a kantar kamfanin jirgin kamar yadda doka ta ce, aka kama shi. An janye tuhumar daga baya, amma a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar ba ta kare shi ba, tunda bindigar tana hannunsa a daren. Wanda jirgi ya yi wa haka a New York ko New Jersey, kada ya taɓa jakar. Ya sa kamfanin jirgin ya riƙe ta ya tura ta inda za shi. A waɗannan jihohi biyu sau da yawa sai an kama mutum tukuna, sannan lauyansa ya kawo 926A a gaban alƙali.

Abin da ke cikin akwatin ma yana da nasa hukunci. Kalifoniya, New York da New Jersey sun hana gidan harsashi mai cin fiye da 10, alhali na Glock 19 na asali 15 yake ci. New Jersey kuma ta taƙaita harsashi mai rami a baki. Mai hankali yana barin waɗannan a gida ya sayi gidan harsashi mai cin 10 don tafiya.

Batun rataya bindiga a fili kuwa, akwatin yana shigowa ne ta inda ba a zata ba. Jihohi 29 sun yarda a ɗauki bindiga ba lasisi, amma kowace da sharuɗɗanta. Texas tun Satumban 2021 ta yarda, sai dai in a fili ce dole ta kasance cikin kube. Colorado ta halatta ratayawa a fili, birnin Denver ya hana. A jihar Washington mutum na iya ratayawa yana tafe a ƙasa, amma da ya shiga mota da bindiga a ɗure sai da lasisin da jihar ta amince da shi. Ke nan baƙon da ya taka doron ƙasa lafiya yana zama mai laifi da rufe ƙofar mota, sai ya sauke harsashi ya mayar akwati. Florida ta daɗe da hanawa, sai a Satumban 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta rushe haramcin. Abin na sauyawa haka, shi ya sa ake duba shafin babban lauyan gwamnatin kowace jiha ko na 'yan sandanta kafin a tashi, har da jihohin da za a ratsa kawai.

A jirgin sama tsarin a bayyane yake. Bindiga babu harsashi, akwati a kulle, cikin jakar da za a auna, a faɗa wa ma'aikacin kanta, a sa hannu a katin shaida. Makulli yana hannun mai kaya. Harsasai su kasance a kwalinsu ko akwatin da aka yi dominsu, kuma yawancin kamfanoni sun tsaya a kilo 5. A 2023 TSA ta tsare bindigogi 6,737 a wuraren binciken fasinja, mafi yawansu a ɗure, tarar kuma a wannan shekarar tana iya kusantar dala 15,000. Jirgin ƙasa na Amtrak yana son a sanar da shi awa 24 kafin tashi. Ƙanƙantar 1170 ta dace a nan, don yana ɓacewa cikin jaka ba ya jan ido. A mota kuwa wannan ƙanƙantar ce raunin: ɓarawo ya fasa gilashi ya sungume shi gaba ɗaya. A zura igiyar ƙarfe ta cikin kwaɗon a ɗaure a ƙafar kujera.

Kuɗinsa bai kai dala 100 ba, a ƙara na kwaɗo biyu da igiya. Ga ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ke da bindiga matsakaiciya, ya ci kuɗinsa. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga tun farko, in ban da 'yan keɓance-keɓance kamar mallakar lasisin farauta, don haka shi lauya zai fara gani kafin ya je kanti.