Tseren keke na kwanaki: kowa ta kansa, ko bibbiyu?

A ce abokai sun shirya tseren keke na kwana uku a kudancin Kano, daga Rano su bi ta Tiga su nufi duwatsun Riruwai. Abin da za a fara yankewa shi ne ko kowa zai yi ta kansa, ko a haɗa su bibbiyu.

Kowa ta kansa ba shi da wuya. Mai ƙarfi ya taka son ransa, a tara lokacinsa na kowace rana, wanda ya fi saurin kammalawa shi ne gwani.

Bibbiyu kuwa shi ne tsarin Cape Epic, tseren keke na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004, ana kwana 8 a duwatsu. Dokarsa ita ce kada tazarar abokan biyu ta wuce minti 2, in ta wuce akwai hukunci. Ni wannan nake goyon baya, musamman a hanyoyinmu. Ƙaya na fasa taya, sarƙa na tsinkewa, kuma tsakanin ƙauye da ƙauye ba lallai a sami mai faci ba. Ɗaya ya ɗauki famfo da gam, ɗaya ruwa da dabino. Rana ta biyu, da cinyoyi sun yi tsami, mai ƙarfi ya shiga gaba ya tare iska, na baya ya sarara. Zafin bazara kan jigata mutum kafin ya farga, abokinsa ne zai fara lura.

Sai dai in ƙarfinku bai zo ɗaya ba, a hawan dutse za a fara ɓacin rai, ɗaya na jira, ɗaya na tura keke.