Masaukin Wikki a Yankari: wurin da ke buƙatar kwana biyu, ba yini guda ba

Yawancin masu dawowa daga gandun namun daji na Yankari suna cewa "ba mu ga komai ba sai birai" lissafin lokaci ne ya ci su. Sun bar Bauchi da hantsi, sun isa masaukin Wikki rana na tsaka, lokacin da duk wata dabba mai hankali ta shige inuwa, suka yi wanka a ruwan ɗumi, suka juyo kafin magariba. Dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 ba ya nuna abin da ke cikinsa a irin wannan leƙe. Wanda zai biya kuɗin mota ya taso daga Kano ko Jos ko Gombe, ya shirya kwana biyu. Da haka zai samu fita dawa ganin namun daji sau uku ko huɗu, kuma a nan kuɗinsa ke fita.

Gandun yana ƙaramar hukumar Alƙaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a Disamban 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006. Daga garin Bauchi zuwa masaukin kimanin kilomita 110 ne. Ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karkata dama, a yi wajen kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a ƙauyen Mainamaji. A nan mutane ke zaton an iso. Ba a iso ba, saura kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin a kai masauki. A cika tanki tun a Bauchi, a duba tayar safaya, a riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya kan ɗauke, kuma idan ya ɗauke na'urar POS da tiransifa duk sun tsaya. Kuɗin shiga daban ne, na ɗaki daban, na fita ganin namun daji daban, saboda haka a tambayi kowanne tun a ƙofa. Tafiyar kuma ta rana ce: a kira masaukin a ji halin hanya kafin a taso, a isa kafin la'asar.

Ɗakunan suna hawa-hawa, daga irin na ɗalibai masu gadaje da yawa zuwa keɓaɓɓun ɗakuna masu na'urar sanyaya ɗaki. Akwai ɗakin cin abinci, da ƙaramin gidan tarihi mai ƙasusuwa da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace a hannun mafarauta. Kafin a sauke kaya a shiga ɗakin a murɗa famfo, a kunna fanka, a duba ragar taga da sakatar ƙofa, a kuma tambayi sa'o'in da ake ba da wuta. Masauki ne na tsakiyar daji, tocila da batirin cajin waya da gidan sauro ba sa zama kayan banza.

Maganar sakata ba ta wasa ba ce, saboda gwaggon biri. Garkensu na yawo a harabar masaukin tare da gadu, kuma sun san leda sarai. Mutum ya fito da burodi ko ayaba a hannu, kafin ya ankara an fizge. Ƙofar da aka bari a sake ko gilashin mota da aka sauke kaɗan, gayyata ce. Babban namiji yana da fiƙa kamar ta kare, kuma ya fi raina yara da mata, don haka kada a aiki yaro da abinci shi kaɗai, kada kuma a yi kokawar ƙwato abin da ya ɗauke. Masu jefa musu biskit don ɗaukar hoto su ne suka lalata su haka. A daina.

Abin da ba ya saɓa alkawari a Yankari shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ana gangara matakala daga masaukin, sai ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Garau yake, har mutum na tsaye ruwa ya kawo masa ƙirji yana iya ƙirga yatsun ƙafarsa a kan farin yashi. Ɗuminsa bai sauyawa, digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma yana zubar da wajen lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji, shi ya sa ba ya tsayawa ya yi gansakuka. Wurin iyon ya kai tsawon mita 200, faɗinsa wajen 13. Ta gindin dutsen ne zurfi yake, kusan mita biyu, ya shanye dogon mutum. Wanda bai iya iyo ba da ƙananan yara su tsaya can ƙasa inda ruwan ya baje. Lokacinsa mafi daɗi shi ne bayan asuba a hunturu, iska na yanka fata, ruwan kuwa kamar an sirka. Iyalin da ke son sakewa, musamman mata, su zaɓi safiyar ranakun aiki. Ranar Asabar da hutun Sallah da na Kirsimeti wurin cika yake maƙil. Sabulu da omo ba su da hurumi a nan, ruwan da dabbobi za su sha ne a gaba. A bar mutum ɗaya wajen kaya, birai na bibiyar jakunkuna har bakin ruwa.

Fita dawa kuwa da sassafe ake yi da kuma bayan la'asar, da ɗan jagora, kuma ba a barin kowa ya kutsa shi kaɗai. A gama magana da ofis tun da dare, a san motar da za a shiga da adadin mutane, domin ƙananan motoci ba sa jure yashi da ramukan hanyoyin ciki. Komai na dajin nan yana rataye ne a kan kogin Gaji. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsayi, dabbobi sun watsu, hanyoyi sun caɓe. Daga Fabrairu zuwa Afrilu tafkunan daji sun ƙafe, dole kowa ya gangaro fadamar Gaji, a nan ake ganin gwambaza da mazo da kanki da gwanki, da garken ɓauna carki na bin bayansu, da kada kwance a gaɓa. Tukuicin wannan gani shi ne zafi, don a Maris da Afrilu rana kan kai digiri 40. Kowane mutum ya riƙe aƙalla lita biyu ta ruwa a fita ɗaya. Disamba da Janairu sun fi sauƙin jiki, amma hazo kan rage nisan gani.

Giwa ce kowa ke tambaya. Yankari na cikin wurare ƙalilan da suka rage da giwaye a Nijeriya, amma farautar haure ta rage su sosai, kuma suna yawo mai nisa, har su fita su shiga gonakin ƙauyukan gefe. Ana iya fita sau uku a ga kashinsu danye da rassan da suka karya kawai, a fita ta huɗu su tare hanya. Idan suka tare, direba ya kashe surutu ya ba su rata, kowa ya zauna a kujerarsa. Giwar da ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai gargaɗi take yi, musamman mai ɗa. Zaki yana nan, amma ganinsa sai mai babban rabo, kuma jagoran kirki ba zai yi wa baƙo alkawarinsa ba. Mai sha'awar tsuntsaye shi ne ba ya asara, nau'insu ya haura 350, daga burtu mai takun ƙasaita zuwa zalɓe da cilakowa da zabin daji. Madubin hangen nesa ya fi babbar waya amfani a nan.

A bakin kogi akwai ƙudan tsando, cizonsa kamar allura, yana ratsa siririn yadi. Baƙi da shuɗi ne ke jan shi. A sa kaya masu kauri, ruwan ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu.

Rana ta biyu a nemi jagora ya kai ku kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dā can suka sassaƙa a jikin dutse, kowanne da 'yar ƙaramar ƙofa zagayayya da sai an durƙusa ake leƙawa. Sunan na P.J. Marshall ne, wanda ya ba da labarinsu a 1980. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey guda 139 da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da dutsen Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai, inda ake hango dajin har iyakar gani. Waɗannan wurare suna buƙatar takalmi rufaffe, ba silifas ba, kuma a haɗa su da fitar safe, domin hawan dutse da azahar a watan Maris kan jefa mutum cikin jiri.

A hanyar komawa, wanda ya bar masaukin da ƙarfe tara zai isa Bauchi kafin azahar, da sauran lokacin tsayawa a kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966.