Dashen gawon da na saya bara

Farkon daminar bara na je wani lambun renon itatuwa a bayan garinmu, na sayo dashe 20: gawo 12, darbejiya 5, kuka 3. Mai lambun dattijo ne, hannu duk laka. Da na ce a gonar gero zan dasa gawon, sai ya ce, "Malam, ka yi dabara."

Gaskiyarsa. Gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana ya samu taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Ga wani aikin da ido ba ya gani: bishiya na zuƙar iskar kabon mai ɗumama duniya ta adana ta a jikinta da saiwarta, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Manoman Maradi da Damagaram tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, mu sai yanzu muke farga.

Darbejiya duk ta kama, ita dama ba ta da fushi. Kukar tana nan, tafiyar hawainiya. Gawon ne ya ɓata min rai: biyar sun bushe. Da na tone ɗaya, na tarar saiwar ta nannaɗe kamar gammo, ta daɗe a leda. Na koma na ce, "Baba, ai da ka faɗa min." Bai yi musu ba, ya musanya min uku.

Bana zan koma, amma sai na ɗaga kowace leda na duba gindinta kafin na biya.